Hoton ƙirjin Baba tas, jini kuma ya nuna matsala: in biya sikana ko in dakata?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Babanmu, shekara 68, kwana tara yana tari da zazzaɓi tun shigowar hazon nan. An ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce bai ga komai ba. Amma awon jini ya nuna CRP (ma'aunin kumburi a jiki) 48, limfosit (wasu ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta) kuma sun yi ƙasa. Likitan ya ce in da hali a yi sikana, wato hoton da ke nuna cikin huhu dalla-dalla. Kuɗin hannuna na abu guda ne: ko sikana, ko magani da sake awon jini. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Ikram: Allah Ya ba shi lafiya. Ku dafa mishi citta da lemun tsami, hunturu ne kawai.

Majo: Ƙanena, wannan awon jinin ba ya faɗin wace ƙwayar cuta ce. CRP kumburi yake nunawa, ko zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi. Awon hanci ne ke raba korona da mura. Hoton ƙirji kuma yana iya fita tas a farkon ciwo, sikana ta nuna wani dishi-dishi kamar hazo a gefen huhu. Lokacin nau'in korona na Delta a 2021 an fi ganin huhu ya kamu sosai. Nau'in Omikron da aka gano a Nuwamba 2021 ya fi tsayawa a hanci da maƙogwaro, amma tsoho daban ne. Nawa iskar jininshi ta nuna a na'urar yatsa?

Hajiyar Zango: Ni kada wanda ya ƙara ce mini "tas". Haka aka ce wa maigidana a 2021. Hoto tas, ku koma gida. Kwana huɗu muna shafa mishi man zafi, ranar na biyar ko alwala ba ya iya gamawa sai ya zauna yana haki. Muka koma, aka ce na'urar sikana ta lalace. Muka ɗauki mota har Kano, ni da ɗana, na sayar da awarwarona a Kasuwar Dole a kan kuɗin da ko rabi bai kai ba. Da aka yi sikana likitan ya juyo da allon ya nuna mini, huhun duka biyu fari. Bai kwana uku ba. Har yau takardar farkon tana cikin akwatina.

Ɗan Birni: Allah Ya jiƙan shi, Hajiya. Majo, 94 ta nuna jiya.

Tela Mai Keke: Sikana jika 60 na biya wa yayata.

Abban Sadik: Yaushe? Tun Satumba 2024 aka rage kuɗin asibitin gwamnati da rabi. Ni 25 na ba da.

Tela Mai Keke: To ni dai da ruwan allurar da ake sa wa mutum kafin hoton 60 ne, rasit na nan.

Abban Sadik: Shi Majon nan ma likita ne, ko mai ba da kati?

Majo: Shekara 19 ina jinya a ɗakin masu ciwon ƙirji, Malam. Ban ce ni likita ba ne. Ɗan Birni, in iskar jinin ta sauka ƙasa da 92 ko numfashi ya yi sauri, kada ku jira safiya. Tarin kuma in ya kai sati biyu a auna majina saboda tarin fuka.

Na Garin Malam: Mu da ke bin kabu-kabu cikin ƙurar nan, in aka ɗauki hoton huhunmu sai a ga dutsen Damagaram a ciki.

Maman Ikram: Kai dai ba ka da dama! Amma fisabilillahi, ranar da na kai ɗiyata hoto tun ƙarfe 8 muke layi, wuta ta ɗauke, aka ce babu man janareto.

Tela Mai Keke: Wuta? Ni kwana uku keken ɗinkina na wuta yana kwance, kayan biki na mutane jibge.

Ɗan Birni: Jama'a, maganar sikanar fa? Gobe ƙarfe 9 likita ya ce mu koma.

Abban Sadik: Unguwarku ma an ɗauke? Mu famfo ne ya kwana biyar bai ɗiga ba.