Muhawara: Shin Drishyam 2 ya fi na farko, ko kuɗi kawai ya fi shi kawowa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Wanda bai kalli fina-finan nan biyu ba ya dakata a nan, domin ba za a iya wannan magana ba sai an tona ƙarshen labari. Ra'ayina shi ne Drishyam 2, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2022, ya fi Drishyam na 2015, kuma yana cikin 'yan tsirarun fina-finan Indiya da kashi na biyu ya zarce na farko. Hujjata ta farko ita ce nauyin abokin karawa. A na farko, Vijay Salgaonkar, wanda Ajay Devgn ya fito a matsayinsa, yana fafatawa ne da uwa mai raɗaɗin ɓatan ɗa, wato Meera Deshmukh, kuma duk da ita ce Sufeto Janar ta 'yan sanda a Goa, fushi ya rufe mata ido har ta bar wani ɗan sanda mai suna Gaitonde ya doki iyalin Vijay, har da ƙaramar yarinya, abin da ya ba Vijay damar juyo da jama'a da 'yan jarida a kanta. A na biyu kuwa an kawo sabon Sufeto Janar, Tarun Ahlawat, wanda Akshaye Khanna ya taka, mutum mai sanyin rai da ba ɗansa aka kashe ba, wanda bincikensa ya kai ga dasa 'yan sanda biyu a maƙwabtaka da Vijay suna zaune kamar mata da miji, ana naɗar duk abin da ake faɗa a cikin gidan. Wanda ya kayar da irin wannan abokin gaba ya fi cancantar yabo. Hujja ta biyu ita ce karɓuwa: a shekarar da manyan fina-finai irin su Laal Singh Chaddha suka faɗi a kasuwa, Drishyam 2 ya tara sama da rupi biliyan 3, fiye da ninki biyu na abin da na farko ya samu.

Malamin Adabi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bari in fara ajiye maganar kuɗi a gefe, domin kuɗin da na biyu ya tara ladan na farko ne. Shekara bakwai mutane suna kallon Drishyam a talabijin da wayoyinsu, har ta kai duk ranar 2 ga Oktoba sai ka ga Indiyawa a intanet suna tsokanar juna da cewa a ranar ce Vijay ya ce ya kai iyalinsa Panaji, babban birnin Goa, sauraron wa'azi. Mutanen da suka cika sinima a 2022 sun sayi tikiti ne kafin su san ko fim ɗin yana da kyau.

Abin da ya raba su a wurina shi ne inda aka zaunar da mai kallo. A na farko muna cikin gidan tun daga daren da abin ya faru. Mun ga Sam, ɗan Meera, ya zo da bidiyon da ya ɗauki Anju, 'yar Vijay, a ɓoye tana wanka, mun ga yadda ya nemi cin mutuncin yarinyar da uwarta, mun ga bugun da ya yi ajalinsa. Daga nan muka bi Vijay yana jefa motar yaron mai launin rawaya a ruwa, yana saka layin wayarsa a cikin babbar mota mai tafiya nesa, yana tara tikitin bas da rasit na otal da na gidan abinci, sannan yana komawa wurin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya yana nanata musu kwanan wata a cikin hira, har ƙwaƙwalwarsu ta karɓi ranakun da ya zaɓa musu. Shaidunsa ba su yi ƙarya ba, gaskiyar da suka sani suka faɗa, kuma wannan ce dabarar da ta sa fim ɗin ya zauna a zukatan mutane. Daɗin tatsuniyar Gizo shi ne mai sauraro ya san makircin tun kafin sarki ya sani, sai ya zauna yana jiran ya ga ko asiri zai tonu. Haka na farko ya yi da mu, abu ɗaya tak ya ɓoye mana, wato inda gawar ta koma, kuma da aka nuna cewa tana ƙarƙashin sabon ofishin 'yan sanda da ake ginawa, sai kowa ya tuna ai an yi ta nuna mana ginin tun farko. Na biyu kuwa ya kore mu waje. Vijay yana shirinsa shekara da shekaru, mu ba mu sani ba, sai a ƙarshe aka zaunar da Murad Ali, marubucin labarin fim, a gaban 'yan sanda ya karanto mana abin da ya faru. Akwai bambanci tsakanin fim ɗin da ya sa ka zama abokin sirri da wanda ya yaudare ka tare da 'yan sanda.

Maman Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, ban yarda cewa an kore mu waje ba, wurin zama kawai aka canza mana. A na biyu ba tare da Vijay aka ajiye mu ba, tare da matarsa Nandini aka ajiye mu, matar da mijinta ya ƙi gaya mata inda ya kai gawar, wadda take kwana tana tashi da tsoro, ga 'yarta Anju da farfaɗiya ke kamawa, wadda ganin kakin ɗan sanda kawai ya isa ya birkita ta. Duk macen da ta taɓa riƙe wani sirri mai nauyi a gidan aure ta san dalilin da ya sa Nandini ta buɗe bakinta ga maƙwabciyarta Jenny, wadda ashe 'yar sanda ce, domin mutum ba ya iya haɗiye irin wannan abu shekara bakwai ba tare da ya nemi wanda zai ji shi ba. Maza da yawa suna cewa rabin farko na fim ɗin yana jan ƙafa, ni kuwa a nan ne na ga abin da na farko bai nuna ba, wato kuɓuta daga hannun hukuma ba ita ce samun kwanciyar hankali ba. Hatta mutanen garin da suka tsaya wa Vijay a da, da ya yi kuɗi ya buɗe gidan sinima sai suka koma suna tsegumi a kan 'yarsa. Wannan halin mutane ne, kuma marubucin ya san shi.

Bakatsine:
Hajiya, maganarki a kan Nandini gaskiya ce, amma fim ɗin bincike da ƙarshensa ake auna shi, kuma ƙarshen na biyu a kan sa'a ya tsaya. A duba abin da ake so mu gaskata. Vijay ya yi abota da mai haƙa kabari har ya samu ƙasusuwan wani saurayi mai shekaru kamar na Sam, wanda shi ma rauni irin nasa ya kashe shi, domin ya musanya su da na Sam. Ya yi abota da maigadin wurin da ake ajiye abin da za a yi wa gwaji, kuma ya tabbata tun shekaru kafin ranar cewa nan za a kai ƙasusuwan, za su kwana a can, wannan maigadin ne zai kasance a bakin aiki, kuma babu wanda zai tsare su. Wannan shari'a ce ta ɗan tsohuwar Sufeto Janar, wadda manyan 'yan sanda suka yi shekaru suna bi, har suka fasa daɓen ofishinsu saboda ita. Ta yaya mutum mai taka-tsantsan irin Tarun, wanda Ɗan Fagge yake yabo, zai bar hujjarsa guda ɗaya ta kwana a hannun maigadi? Idan sai an mayar da mai wayo wawa na dare ɗaya kafin jarumi ya ci nasara, to nauyin abokin karawar da ake magana a kai ya zube.

Ɗan Fagge:
Yaya Bakatsine, na farkon ma ba a wanke yake daga sa'a ba. Gaitonde ya ga Vijay da idonsa yana shiga motar Sam, kuma abin da ya cece shi kawai shi ne garin duka ya san akwai gaba a tsakaninsu, don haka aka ɗauki shaidarsa a matsayin ƙiyayya. Da wani ɗan sanda ne daban ya gan shi, da labari ya ƙare tun a nan. Shi kuma Malam da ya ce an ɓoye mana komai, ina roƙonsa ya sake kallo. An nuna mana Vijay yana zama da Murad Ali a kan labarin fim ɗin da yake son shiryawa, an nuna yana kashe kuɗi a kan wannan buri har matarsa tana ƙorafi, an nuna ya fara shaye-shaye da sababbin abokai, duk muka ɗauka lalacewar mai sabon kuɗi ce. Alamun suna nan, mu ne ba mu karanta su ba. Kuma dabarar buga labarin a matsayin littafi tun kafin a kama shi, ta yadda lauyansa zai ce wa kotu 'yan sanda ne suka kwafi littafi suka tilasta masa amsa laifi, ta dace da mutumin da bai wuce aji huɗu ba, wanda duk iliminsa daga kallon fim ya samo shi a ɗakin da yake sana'ar haɗa wa mutane tashoshin talabijin. A na farko ya yi amfani da fina-finan wasu, a na biyu ya rubuta nasa.

Bazazzagi:
Akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni kafin a ci gaba. Duka labaran biyu ba na masana'antar Mumbai ba ne, Jeethu Joseph ne ya rubuta su ya kuma ba da umarni da harshen Malayalam na jihar Kerala, na farko a 2013, na biyu a 2021, Mohanlal ne jarumin. Saboda haka duk yabo ko zargi a kan musanya ƙasusuwa nasa ne. Abin da za mu iya kwatantawa a na Hindi shi ne hannun darakta. Nishikant Kamat, wanda ya yi na 2015, ya rasu a watan Agusta na 2020, sai Abhishek Pathak ya karɓi na biyu. Kamat ya bar fim ɗinsa ya kai kusan minti 163, ya ɓata lokaci mai tsawo a shagon shayi da teburin cin abinci kafin a zubar da jini, kuma kiɗan Vishal Bhardwaj da baitocin Gulzar ba sa tsoma baki sai inda ake bukata. Pathak ya taƙaita nasa zuwa kusan minti 140, hotonsa ya fi duhu da sheƙi, kiɗan da ke bayan fage kuma yana yawan gaya maka cewa ga wurin da za ka firgita. Wanda ya saba da fina-finanmu na Kano da ake raba labari ɗaya gida biyu a saka 1 da 2 zai iya ɗauka haka wannan yake, alhali na 2015 cikakken labari ne da ya rufe ƙofarsa, na biyu sai da ya ƙirƙiro wanda zai sake buɗe ta.

Hajiyar Damagaram:
Ni abin da ya dame ni ba dabara ba ne. Ku duka kuna magana kamar nasarar Vijay ita ce abin murna, kun manta da Mahesh, mahaifin yaron, wanda bai doki kowa ba, bai zagi kowa ba, abin da yake roƙo kawai a ba shi gawar ɗansa ya yi mata abin da addininsu ya tanada. Sam ya aikata mugun abu, babu mai musu, amma hana iyaye gawar ɗansu shekara bakwai zalunci ne na daban, kuma na farko ya wuce shi da 'yar ban-haƙurin da Vijay ya yi musu a kaikaice. A nan na biyu ya fi shi mutunci, domin a ƙarshe Vijay ya sa an kai musu tokar ɗansu. Sai dai ko a nan akwai ƙaiƙayi, tunda ƙona ƙasusuwan shi ne kuma ya shafe hujja ta ƙarshe da za a iya kama shi da ita, wato kyautar da ya yi musu kariya ce ga kansa. Sannan akwai wancan saurayin da aka tono daga kabarinsa aka yi wasa da ƙasusuwansa, shi ma ɗan wasu ne, kuma fim ɗin bai ba shi ko suna da za mu riƙe ba. Da 'yan Sin suka sake yin labarin a 2019, sun sa mahaifin ya miƙa kansa ga hukuma a ƙarshe. Ban ce lallai nasu ya fi ba, amma ya nuna akwai wata hanyar da labarin zai iya bi.

Maman Khalifa:
Hajiya, da ya miƙa kansa da gaske, binciken ba zai tsaya a kansa ba, zai kai ga Anju, tunda ita ce ta yi bugun. Yarinyar da ya ɗauko ya raina ba tare da shi ya haife ta ba, ita yake karewa, kuma ya riga ya ga abin da hukuma take yi wa talaka idan ɗan babba ne ya ɓata. Ban wanke shi ba, amma ban ga ƙofar da aka bar masa a buɗe ba.

Malamin Adabi:
Na karɓi gyaran Ɗan Fagge a kan cewa an dasa alamu, amma alamar da ba za a iya gane ta ba sai an yi maka bayani daga baya ba ɗaya take da wadda kake gani tana aiki a gabanka ba. Ina so kuma in ɗora a kan abin da Bazazzagi ya taɓo, domin a nan ne babbar matsalar take. Wanda ya sake buɗe shari'ar shi ne David, mutumin da yake gudun 'yan sanda bayan ya yi kisa, ya ga Vijay yana fitowa daga ginin da ba a gama ba a wancan daren, sannan aka ɗaure shi shekara bakwai, daidai tsawon lokacin da labarin yake bukata ya yi shiru. Babu David a fim ɗin 2015, ko inuwarsa babu. An koma baya ne an dasa shi a cikin daren da muka riga muka sani, kuma yin haka ya rage darajar ƙarshen na farko, wanda ƙarfinsa duka shi ne babu mahalukin da ya gani. Ka lura kuma, ƙanena, cewa maƙwabtan bogi da na'urar naɗar magana da kake yabon Tarun da su ba su ne suka nuna inda gawar take ba, domin Nandini kanta ba ta sani ba. Abin da suka samo bai wuce tabbacin abin da Meera ta riga ta sani tun shekara bakwai baya ba. Fursuna ne da ya fito yana neman abin rufin asiri ya kawo musu amsar har ofis. To ka faɗa mana, idan aka cire David daga cikin labarin, wane abu guda Tarun Ahlawat ya gano da basirarsa wanda zai kai shi ga fasa daɓen ofishin 'yan sandan Pondolem, garin su Vijay?