Tambaya: yaya ake fara kallon murjani da bututun numfashi a Bahar Maliya?

Ɗalibin Alƙahira:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, a hutun zafi muna shirin zuwa Dahab, gaɓar Sina'i. Ina so in gwada iyon nan da ake kifa fuska cikin ruwa da tabarau ana numfashi ta bututu. Na iya iyo daidai gwargwado a rafi, amma ban taɓa shiga teku ba. Me zan saya, ta ina zan fara, kuma me zan kiyaye?

Sarkin Ruwa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kaya uku ne: tabarau, bututu, da takalmin ƙafar agwagwa. A cikinsu tabarau ne kawai ya cancanci ka kashe masa kuɗi, sauran haya ta isa. Nemi mai gefen silikon mai laushi da gilashi mai ƙwari, ba na roba irin na wasan yara ba. Wurin gwaji, ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyar ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannu. In ya manne, ya yi maka. In ya faɗi, ajiye shi ko da ya fi kowanne kyau.

Abu biyu ke sa ruwa ya shiga: gashi da ya maƙale ƙarƙashin gefen, da matse igiya fiye da kima. Mutum na ganin ruwa sai ya ƙara ɗaurewa, alhali matsin ne ke lanƙwasa silikon ya buɗe ƙofa. Mai gashin baki ya rage na daidai ƙarƙashin hanci kaɗan. Sabon tabarau kuma yana da wani maiƙo daga masana'anta da ke sa shi yin hazo, sai ka goge cikin gilashin da farin man goge baki, ka ɗauraye, ka maimaita. Kafin kowace shiga, ɗigon sabulun wankan jarirai ko yawu, ka shafa ka ɗauraye sama-sama.

Bututu kada ya wuce santimita 40. In ya yi tsawo, iskar da ka fitar ba ta gama fita, ita za ka sake shaƙa, kai ya fara ciwo. Saboda haka ma numfashin ya zama mai zurfi, a hankali.

Ranar farko tsaya inda ruwa ya kai ƙirji, a kan yashi. Kifa fuska, yi numfashi minti biyar kana tsaye. Sannan da gangan ka bar ruwa ya shiga bututun, ka hura da ƙarfi sau ɗaya kamar mai cewa "tu", numfashin da ke biye kuma ka ja shi sannu-sannu, harshe a sama yana tare ragowar ruwan. Sai wannan ya zama jiki kafin ka matsa inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Wasu masu shiga matsala ba gajiya ce ke fara kama su ba, ruwa ne ya shiga maƙogwaro suka firgita, suka miƙe tsaye suna fafutuka.

Maman Hanifa:
Malam ya yi bayani, amma ban yarda a bar rigar hana nutsewa daga cikin kayan ba. Iyon rafi daban, na teku daban. Gaskiya ne gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a lita, sauran tekuna kuwa kamar 35, don haka jiki na tasowa sama da sauƙi. Amma a Dahab murjanin yakan miƙe ba zurfi, sai kwatsam ka ga ƙasa ta yanke, shuɗi kawai. Nan ne zuciya ke bugawa. Sa rigar, ba abin kunya ba ne. Fara da wurin da ake kira Lighthouse a cikin gari, yana da mashiga mai sauƙi. Blue Hole, wani rami a teku kusa da Dahab wanda zurfinsa ya kai mita 100, bar shi sai hannu ya faɗa.

Kada ka shiga kai kaɗai, kuma ku riƙa ɗaga kai kuna duba juna da gaɓa. Tambayi masu hayar kaya ina ruwa ke ja a ranar, ka fara iyo kana fuskantar jan, don dawowa ta zo da sauƙi lokacin da ka gaji. Bugun ƙafa daga ƙugu yake, gwiwa kusan a miƙe, hannu a jiki. In jijiyar ƙafa ta riƙe, kama bakin takalmin ka ja shi wajenka.

Rana kuma ba ta san baƙar fata ba. Ƙeya, baya da bayan gwiwa su ke ƙonewa, sai dare za ka ji. Riga mai dogon hannu da ke bin jiki ta fi man shafawa na kariya daga rana. Ga mata akwai kayan iyo masu rufe jiki har kai. Doguwar riga mai faɗi tana shan ruwa ta naɗe ƙafa.

Ɗalibin Alƙahira:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. To tabarau mai rufe fuska gaba ɗaya fa? Kuma zan iya ɗan nutsawa in ga kifi kusa?

Sarkin Ruwa:
Mai rufe fuska ban ba ka shawara ba. Marasa inganci suna tara tsohuwar iska, kuma ba ka iya kama hanci, ga shi nutso na buƙatar haka. Kowane mita 10 na ƙara matsi daidai da na iskar duniya gaba ɗaya, shi ya sa tun a mita biyu kunne ke fara zafi. Toshe hanci ka hura a hankali tun kafin zafin ya zo. In bai buɗe ba ka dawo sama, dodon kunne na iya fashewa. Da mura kada ka nutsa. Babban haɗari shi ne yin numfashi da sauri-sauri kafin nutso: yana kashe jin buƙatar iska, mutum ya suma a ƙasa ba alama. Mai asma, farfaɗiya, sikila ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Abu Yasir:
Ƙarin da zan yi a kan taɓe-taɓe ne. Murjani halitta ce mai rai, taka shi na kashe shi, kuma a Masar an hana cire shi ko ciyar da kifi. Ras Muhammad ma, da ke kudancin Sina'i, wuri ne mai kariya tun 1983. Akwai wani mai launin rawaya-rawaya da fararen baki, murjanin wuta, yana ƙuna. A zuba wa wurin ƙunar ruwan khal, wato vinegar, kada a murza. Bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe tana cikin ramuka. Kifin dutse kuwa ba ka bambanta shi da dutse, dafinsa mai tsanani ne: a tsoma wurin cikin ruwan zafi da fata za ta iya jurewa, kamar digiri 45, a wuce asibiti nan take. Katantanwa mai siffar mazurari ma tana harbi, kada a ɗauka a sa aljihu. Yankan murjani ko ƙarami ne a wanke shi da sabulu da ruwan daɗi sosai, yana saurin ruruwa. In ruwa ya janye har murjanin ya kusa fitowa, kada ka bi ta kansa, nemi mashigar yashi ko gadar katako.