Wa ke tsayar da gwamnati ya tambaye ta a madadinmu? Tambaya daga Jega

Mai Injin Casa, Jega:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin injin gyaran shinkafa a bayan gari nan Jega, shekara tara ke nan. Lokacin da harka ke tafiya, yara shida ke aiki a hannuna, ban da matan da ke turara shanshera su kawo a casa musu. Yanzu saura biyu, su ma kwana uku kaɗai muke tada inji a mako.

Wutar lantarki ba ta zama, dole sai janareta, ga litar dizal ta haura naira dubu tuntuni. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, manomin rani da ke jan ruwa da injin fetur a fadama ya shiga uku, shanshera ta yi tsada. Na ci bashi na saya na tara a sito. Sai ga sanarwa a Yulin 2024 cewa an ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan shinkafar waje da masara da alkama da wake. Daga baya farashi ya yi ta sauka, kayan da na ajiye suka kasa maida uwar kuɗi. Ban ga laifin mai saye da ya samu sauƙi ba, ni ma ina da iyali. Abin da ke min ciwo shi ne ba wanda ya tambaye mu kafin a yi, ba wanda ya leƙo mu bayan an yi.

Ga kuma hanya. Makon jiya na bi motar kaya da kaina. Sau bakwai aka tare mu kafin mu isa inda za mu sauke. A wuri ɗaya wani yaro ya jawo katako mai ƙusoshi ya shimfiɗa a kan kwalta, ya miƙo min 'yar takarda ruwan hoda, ba hatimi, ba sunan ofis, ba kwanan wata. Na biya, don direba ya ce in muka tsaya gardama nan za mu kwana. Takardun suna nan cikin aljihun motar, na ƙi yarwa.

To tambayata: Kebbi na da sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai takwas, 'yan majalisar jiha ashirin da huɗu. A cikinsu aikin wa ne ya kira masu yin waɗannan tsare-tsare ya ce su yi bayani? Suna da wannan ikon kuwa? Kuma talaka irina ta wace ƙofa zai bi ya kai kuka?

Tsohon Malami, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Ikon yana nan a rubuce. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba Majalisar Tarayya damar bincikar duk ma'aikata ko hukumar da ke aiwatar da doka ko kashe kuɗin da ta amince da su, ta aika sammaci, ta nemi takardu, har ta sa a kawo wanda ya ƙi zuwa. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisar jiha irin wannan iko a kan abin da ya shafi jiha.

Sai dai ka raba kukanka gida biyu, don kar ka kai wa wanda ba shi ke da maganin ba. Kuɗin fito da farashin mai da shigo da abinci duk na Abuja ne. Masu tare hanya da takardar da ba hatimi kuwa, wannan yawanci na jiha ne da ƙananan hukumomi, kuma nan ne kake da ƙarfi fiye da yadda kake zato. Akwai dokar tarayya ta 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati ke da izinin karɓa, kuma ta haramta kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Abin da yaron nan ya yi maka ba shi da gindi a doka, ko wa ya turo shi.

Kar ka ɗauka majalisa ba ta taɓa tsinana komai ba. A Mayun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da aka tura ta waya ko intanet, da sunan harajin tsaron intanet. Jama'a suka yi caa, Majalisar Wakilai ta ce a janye, aka dakatar da shi. Dubi kuma ƙudirorin gyaran haraji da shugaba Tinubu ya aika a Oktoban 2024. Gwamnonin Arewa suka ƙi tsarin rabon harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan saye, da aka kawo, 'yan majalisar Arewa suka ja daga, aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a Fabrairun 2025. Kafin a sa hannu a Yunin 2025 an sauya abubuwa da dama, kuma VAT ya tsaya a kashi bakwai da rabi, ba a yi ƙarin da aka nema da farko ba.

Amma lura da abu ɗaya a duka biyun: sai da aka yi hayaniya daga waje sannan na ciki suka motsa. Kuma akwai bambanci tsakanin doka da matsayar zaure. In majalisa ta ce "muna kira ga gwamnati", shawara ce, minista na iya ji ya wuce abinsa. Inda suke da haƙori na gaske shi ne lokacin kare kasafin kuɗi, sa'ad da kowane kwamishina da minista ke zuwa gaban kwamiti yana neman a amince masa.

Hanyarka ita ce takardar koke. Majalisun suna da kwamitin sauraron koke-koken jama'a, kuma ɗan majalisar mazaɓarka ne ke gabatar da ita a zaure.

Ɗan Kamba:

Allah ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce a takarda, amma mu mutanen bakin iyaka mun ga abin da idonmu. A Nuwamban 2019 Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita ashirin daga iyaka. Gidajen mai suka rufe a yankinmu, mai walda da mai niƙa da mai kabu-kabu suka koma sayen na galan da tsada, ko su yi doguwar tafiya neman mai. Majalisa ta yi kira a ɗage ba sau ɗaya ba, aka ɗauki shekaru abin na nan. Iyakar Kamba da aka rufe a Agustan 2019 sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris na 2024 aka ba da umarnin buɗewa. A tsakanin nan na san mutanen da jarinsu ya ƙare ƙarƙaf, wasu suka bar garin. Ban ga kwamitin da ya zo ya zauna a kasuwarmu ya ji ta bakinmu ba.

Ba na cewa kar Alhaji ya rubuta. Ya rubuta, amma kar ya tafi shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai Turara Shinkafa, Argungu:

Alhaji sannu da haƙuri. Ni ina cikin irin matan da ka ambata. Da tukunya uku nake ɗorawa a rana, yanzu ɗaya ce, ita ma sai na lissafa kuɗin itace da na mai ɗauko ruwa da na casa kafin in hura wuta. Ranar da na shanya a tabarma na auna, sau da yawa abin da ya rage min bai wuce ɗan tsakin da zan dafa wa yara ba.

A nan Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Nuwamban 2015, shugaba Buhari da kansa ya zo Birnin Kebbi. Aka ce mu noma, mu ci abin da muka noma. Muka riƙe maganar hannu bibbiyu, mata da yawa suka sayar da awaki suka shiga sana'ar. In gwamnati za ta sauya hanya, ai ya kamata wakilanmu su tambaye ta me ta tanadar wa waɗanda ta sa suka zuba jarinsu. Zaman jin ra'ayin da Malam ya faɗa a Abuja ake yi, da Turanci. Wace mai turara ce za ta bar tukunya a wuta ta tafi Abuja? In za ku rubuta takardar nan, don Allah ku sa mu a ciki. Muna da ƙungiya, za mu dangwala hannu.

Tsohon Malami, Birnin Kebbi:

Hajiya da Ɗan Kamba, ban musa muku ba. Shi ya sa na ce a fara da na kusa. Ɗan majalisar jiha kuna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wurin ɗaurin aure, ba zai iya ɓoye muku ba kamar na Abuja. Alhaji, takardar kar ta wuce shafi ɗaya. A rubuta ranar, da wurin da aka tare ku, da nawa aka karɓa, a liƙa kwafin rasitan nan. A yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe. Bayan mako biyu in ba a ji komai ba, a kai kwafin gidan rediyo.

Mai Injin Casa, Jega:

Na gode Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi ban san akwai dokar da ta hana shingen nan ba, shekara da shekaru ina biya kai a sunkuye. Na kira shugaban masu injinan casa na garinmu da daren nan, ya ce mu zauna bayan la'asar ranar Asabar, kowa ya zo da rasitan da ke hannunsa. Direbobi biyu sun yarda su faɗi wuraren da ake tare su. Hajiya, ki turo mutum ɗaya daga ƙungiyarku ya zo zaman, kuɗin motarsa na kaina. Malam, in mun gama rubutawa zan kawo maka har Birnin Kebbi ka duba mana kafin mu kai.