Ina neman shawara kan yadda ake zama malamin tuƙin kariya mai izinin hukuma a Kaduna

Ɗan Rigasa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekarata 14 ina tuƙi, bakwai daga ciki ina jigilar fasinja a bas tsakanin tashar Kawo da Zariya, sauran kuma ina tuƙa motar wani kamfanin rarraba kaya. A wannan kamfanin ne aka taɓa kawo mana wani malami ya yi mana bitar kwana biyu a kan tuƙin kariya, wato direba ya riƙa hango kuskuren abokan hanya tun kafin su aikata shi, kuma tun daga ranar sha'awar wannan aiki ta shige ni. Yanzu baya ya fara ciwo saboda yawan zama a kan sitiyari, shi ya sa nake so in koma koyarwa. Wace hukuma ce ke ba da izini? Shin lasisina na tuƙi ya wadatar, ko kuwa dole sai na buɗe makarantar kaina?

Malamin Tuƙi daga Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Malam. Lasisinka yana nuna cewa ka iya tuƙi ne kawai, bai ba ka ikon horar da wani har ka ba shi takardar shaida ba. Hukumar da ke kula da wannan fanni ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, kuma tana da shiri na musamman na tantance makarantun koyon tuƙi da ake kira DSSP. Makarantar da ba ta cikin wannan tsari ba za ta iya fitar wa ɗalibi takardar da zai nemi sabon lasisi da ita ba, domin ta intanet ake shigar da sunan ɗalibi a kundin hukumar, ana rubuta halartarsa har ya cika darussa 26, sannan ya je wurin jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, su gwada shi.

Saboda haka hanya mafi sauƙi a gare ka ita ce ka nemi aiki a makarantar da aka riga aka tantance, su shigar da kai cikin malamansu, ka riƙa halartar bitar da hukumar take shirya wa masu makarantu da malamansu, ka adana duk takardar da aka ba ka. Idan kuwa taka kake son buɗewa, to sai ka yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka tanadi ajin karatu, da filin gwaji, da mota mai birki biyu wadda malami ma yake da nasa a ɓangarensa, sannan jami'ai su zo su duba da idonsu. Ni dai ban ba ka shawarar ka fara da wannan ba, domin kuɗin mota da hayar fili kaɗai sun isa su durƙusar da mutum kafin ɗalibin farko ya biya. Ka kuma leƙa Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, da ke Zariya, tunda hanyar ba baƙuwarka ba ce. Suna horar da direbobi, kuma takardarsu tana da daraja a wurin kamfanoni.

Tsohon Direban Tirela:

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma ɗana, ina so ka sani cewa takarda ba ita ce wuyar aikin ba. Wuyar ita ce ka iya fitar da abin da ke cikin ƙafarka da idonka ka mai da shi magana. Mu da muka taso daga yaran mota, maigida bai taɓa yi mana bayani ba, sai dai ranƙwashi idan ka saki kuloci da gaggawa, kuma da yawanmu haka muka tsufa muna yin daidai ba tare da mun san dalili ba.

Ga misali. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai ta birki ya riga ya shafe tazarar da ta fi tsawon tirela. Kuma idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninki huɗu take yi. Wannan ne dalilin da ake cewa a bar daƙiƙa uku tsakaninka da na gaba, a ƙara idan ana ruwa ko hazo. Idan ba ka iya zana wannan a allo har matashi mai zafin kai ya yi shiru ba, to ba ka zama malami ba tukuna.

Na taɓa fitowa daga Zariya da asuba cikin hunturu, hazo ya rufe ko'ina, da na kusa Mararrabar Jos sai na hango ganyen bishiya an jera a kan kwalta. Ban ga komai a gaba ba, amma na sauke giya na rage gudu, kuma ban yi nisa ba sai ga tanka ta mutu a tsakiyar hanya, babu fitila ko ɗaya a bayanta. Wannan ganyen babu shi a cikin alamomin hanya da ake haddacewa, amma duk wanda zai koyar da tuƙi a ƙasar nan dole ya koya wa ɗalibinsa karanta shi, kamar yadda zai koya masa cewa siginar mai a-daidaita-sahu ba alkawari ba ce, kuma lambobi huɗun da ke jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Maman Yara daga Unguwar Rimi:

Ni ba direbar haya ba ce, amma bari in yi magana a matsayin wadda ta biya kuɗi aka koya mata. Makarantar farko da na shiga, wadda ba zan ambaci sunanta ba, malamin yana zaune yana amsa waya ina tuƙi, kuma ranar da na ruɗe a shataletale na taka totur maimakon birki, tsawar da ya daka mini ta sa na yi wata biyu ban ƙara taɓa sitiyari ba. Malami na biyu kuwa yakan sa in riƙa faɗin duk abin da na gani da baki, ga yaro a bakin titi, ga mai babur ya yi aron hannu, ga motar da ta tsaya kuma ƙofarta na iya buɗewa, har idona ya saba duba nesa da madubi ba tare da an tuna mini ba. Malam, idan ka fara, ka ɗauki wannan dabarar. Kuma idan Allah ya sa ka buɗe taka, ka nemi mace ka horar da ita, domin akwai matan aure da yawa a garin nan da suke da mota a gida amma mazajensu ba su yarda namiji ya koya musu ba.

Ɗan Rigasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar mita 28 ta tsaya mini a rai, domin shekaru ina bin bayan tirela a kan wannan hanya ban taɓa lissafa ta haka ba. Malam, lasisina zai ƙare nan da wata biyu. In fara sabunta shi ne, ko in fara neman makarantar?

Malamin Tuƙi daga Tudun Wada:

Ka fara sabunta shi, kuma ka karɓi na shekara biyar maimakon na uku idan aljihu ya yarda, domin shi ne abu na farko da mai makaranta zai ce ka nuna masa. Kafin ka karɓi aiki a ko'ina, ka tabbatar da sunan makarantar a ofishin FRSC na jiha, sannan ka nemi su bar ka ka zauna a kujerar baya na mako guda kana kallon yadda malamansu ke yi da ɗalibai.