Pacemaker da Hausa: "batirin zuciya" ya isa, ko mu raɗa masa suna?

1/
Jama'a, wata kalma ce ta ɗaure mini kai. Sati shida ke nan da aka sa wa mahaifina abin da likitoci ke kira pacemaker, jiya kuma muka koma asibiti duba na farko. Ni ne tafinta tsakaninsa da ma'aikaciyar da ta duba shi, kuma tun daga jumlar farko bakina ya sarƙe, don ban san me zan kira abin da ke ƙarƙashin fatarsa ba. A gida kowa "batirin zuciya" yake cewa. Jiya na ga ɓarnar da sunan nan ya yi mana.

2/
Ga wanda bai taɓa gani ba: ɗan akwatin ƙarfe ne da bai wuce girman akwatin ashana ba, ana cusa shi ƙarƙashin fata a saman ƙirji, galibi ta hagu. Batiri da ƴar kwamfuta ne a ciki. Daga jikinsa siririyar waya ɗaya ko biyu, wani sa'in uku, ke bi ta jijiyar jini har cikin zuciya. Zuciyar baligi in yana hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti. Wanda tasa ke yin nawa, ko take tsallake bugu har ya riƙa jiri yana faɗuwa, shi ake sa wa.

3/
Da ciwon aka fara. Ma'aikaciyar ta ce ya cire riga, ta duba wurin yankan, ta ɗan danna gefensa, ta tambaya ko ya taɓa yin ja, ko kumburi, ko fitar da ruwa, ko kuma an yi zazzaɓi. Babu ko ɗaya. Sai ta manna masa ƴan faifan auna bugu a jiki, ta ɗora wani abu mai kama da linzamin kwamfuta a kan wurin. Ba allura, ba yanka. Nan take allon na'urarta ya cika da lambobi.

Ta ce in gaya masa batirin lafiya lau, bisa yadda yake aiki yanzu zai kai wajen shekara goma. Na faɗa masa ina murna. Baba ya yi shiru, sannan ya dube ta ya ce, "To ƴata, in shekara goman ta cika fa? Shi ke nan zuciyar ta tsaya?"

Ashe tun da aka sallame shi yake ganin zuciyarsa ta koma tocila. A wurin ne ya fallasa kansa: ya rage tafiya, ya daina hawa bene, wai duk don kada ya cinye batiri. Mu kuma muna ta zaton rauni ne bai sake shi ba.

4/
Amsar da ta ba shi ita ce ta sa na buɗe zancen nan. Na'urar ba ita ke tura jini ba, zuciya ce ke aikinta da tsokarta. Abin da take yi shi ne sauraro. In zuciya ta buga a kan lokaci, sai ta yi shiru abinta. In bugun ya makara, sai ta aika ɗan tartsatsin lantarki, wanda mutum ba ya ko ji, zuciya ta amsa. Har lissafi take ajiyewa: ma'aikaciyar ta nuna mana a allo cewa a sati shidan nan kusan kashi biyu cikin uku na bugun Baba nasa ne na kansa. Akwai waɗanda kusan duk bugunsu ya dogara da ita, wannan gaskiya ne, amma ko su ba a barin batiri ya mutu a jikinsu. Yana nuna alamar ƙarewa watanni kafin lokaci, a duba irin wannan ake gani, sai a canja akwatin a bar wayoyin in suna da lafiya.

Kun ga matsalar. A ɗakin dubawa ana maganar batiri daban, wayoyi daban, na'urar gaba ɗaya daban. In ka kira dukan abin batiri, da me za ka kira batirin?

5/
Daga nan ta ce za ta yi gwaji, kada ya tsorata in ya ji wani iri. Ta ɗan ƙara saurin bugun, ta riƙa rage ƙarfin lantarkin kaɗan-kaɗan har ta gano mafi ƙanƙantar wutar da zuciyarsa ke amsawa. Sannan ta sassauta na'urar na ƴan daƙiƙu don ta ga bugunsa na asali. Ya riƙe gefen gado ya ce ƙirjinsa na fat-fat, kafin in gama fassarawa har ya wuce. A makonnin farko akan bar wutar da ƙarfi saboda bakin wayar bai gama zama a naman zuciya ba, in ya zauna sai a rage don batiri ya daɗe.

Wani abin dariya a gefe: ta ce a nisanta waya da wurin da kamar santimita 15, kada a sa a aljihun gaba, a riƙa amsa kira da ɗaya kunnen. Na ce, "Baba, an ce kada ku bari waya ta kusanci wurin." Ya ce, "Kai ɗan nan, ai wayar tana ciki." Gaskiyarsa. Tun daga nan nake cewa salula in ina nufin ta kira.

6/
Ga sunayen da aka kawo mini zuwa yanzu.

"Injin zuciya" ya fi batiri muni, don inji shi ke yin aikin, kuma akwai na'urorin da ke tura jini da gaske, su suka cancanci sunan. "Agogon zuciya" ya yi daɗi a baki, sai dai agogo ba ya sauraron kowa, bugawa kawai yake yi. Wani ya bi Turancin sak ya ce "mai ba da taki". A rubuce, rabin masu karatu gona za su tafi.

Wata ƴar'uwa ta kawo "cika-bugu", tunda yana cike bugun da ya faɗi. Ma'anar ta zauna daram, na kusa amincewa. Sai na tuna cewa majinyaci ne za a riƙa faɗa wa kalmar, kuma mun san abin da "ya cika" ke nufi a bakin gadon asibiti. Na ajiye ta. "Tsare-bugu" ma ta zo, amma tsarewa fuska biyu gare ta: mai gadi yana tsare gida, ɗan fashi yana tsare hanya.

"Na'urar daidaita bugun zuciya" ba ta da aibu ko kaɗan, ita ya kamata a rubuta a takarda. Amma kalma huɗu ce. Ba wanda zai ce wa direba ko mai binciken filin jirgi haka yana laluben katin shaidar cewa yana ɗauke da na'urar.

7/
Wanda ya ce tunda abin baƙo ne a bar shi da sunansa, "fesmeka", ban ƙi ba, haka muka karɓi rediyo. Abin ma ba sabo ba ne a duniya, tun 1958 aka fara dasa shi a jikin mutum a ƙasar Suwidin, kuma mutumin, Arne Larsson, ya rayu har 2001, an yi ta canja masa na'ura ɗaya bayan ɗaya. Sai dai rediyo kana ganinta kana jin aikinta. Wannan a ɓoye yake cikin jiki, sunan ne kaɗai tagar da mai shi ke leƙa shi ta ciki.

8/
Ni dai na tsaya a kan "saita-bugu". Ginin Hausa ne, irin na fasa-ƙwauri da share-fage. "Saita" ta daɗe da zama tamu, kuma ba mai jin ta ya ɗauka ana nufin ƙirƙirar abu daga babu, wanda yake nan ake gyara wa zama. Ta kuma ba mu sunan ziyarar kyauta: jiya Baba "saiti" ya je. Na san ba ta nuna sauraron da na'urar ke yi ba, wanda ya samo wadda ta haɗa duka biyun ya kawo.

A hanyar dawowa na gwada ta. Na ce, "Baba, an ce saita-bugunku lafiya, za ku iya fara ɗaga hannun sama da kafaɗa a hankali, sai kuma bayan wasu watanni a dawo saiti." Bai tambaye ni ma'anarta ba. Abin da ya tambaya shi ne ko an yarda ya koma hawa bene.

Saura ɗan'uwan na'urar nan, wanda ke ba zuciya shokin lantarki mai ƙarfi in bugu ya haukace. Wannan aikinsa daban ne, kada a haɗa su suna ɗaya. Masu shawara, bismillah.