Wai Samanja soja ne da gaske?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare muka yi gardama da ƙanena har Inna ta leƙo ta tsawata mana. Ya ga wani tsohon guntun bidiyon Samanja Mazan Fama a Facebook, sai ya dage wai kakin nan na aro ne, mutumin bai taɓa riƙe bindiga ba. Ni kuwa tun muna yara, muna cunkushe a falon maƙwabcinmu gaban talabijin mai baƙi da fari, nake jin manya na cewa tsohon soja ne. Kuma wannan gurɓatacciyar Hausa da yake yi, tasa ce ko ta wasa? Masu sani a raba mana gardama.

Tsohon Kofur:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaya wa ƙanen naka ya sha ruwa ya huta. Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya yi aikin soja, da shi aka ga zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Sunan ma daga bariki ya fito, don samanja muƙami ne, shi ne mai tsawa a filin fareti, wanda kurtu ke jin muryarsa hanjinsa ya kaɗa. Ni na zauna ƙarƙashin irinsu. Yadda yake murza gashin baki, ya zare ido, ya daka wa ƙaramin soja tsawa, sannan ya koma gida uwargida ta juya shi kamar waina, wallahi haka abin yake. Ranar da ake nuna shirin, mu da iyalanmu ba mai motsi, kowa na nuna wani yana cewa ga ogan wane can.

Maman Ilham:
Baba Kofur ya gama magana kan kaki, bari in taɓa batun harshe. Shi fa Banufe ne, haifaffen Pategi da ke jihar Kwara a 1942, ɗan gidan sarauta, mahaifinsa Etsu ne, wato sarki. Amma Kaduna ya yi rayuwarsa, ya yi aiki a gidan Rediyon Kaduna. Abin da kake ji a bakin Samanja barikanci ne, Hausar da sojoji 'yan ƙabilu daban-daban ke yi a tsakaninsu, a ce wa mace "ya zo", a tsoma Turancin buroka a tsakiya. Da gangan yake ƙara mata gishiri. Shi ya sa har waɗanda Hausa ba ta zauna musu ba suke kallo suna ƙyaƙyatawa.

Na Zazzau:
Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu, gani suke wasan Hausa da Kannywood ya fara. Fim ɗin Turmin Danya, wanda ake cewa da shi Kannywood ta fara, sai 1990 ya fito a Kano, lokacin su Samanja da Kasimu Yero na Karambana sun daɗe da shiga gidajen mutane ta NTA Kaduna. Kasimu ya rasu a 2017, Samanja kuma ranar 12 ga Nuwamba 2023, yana da shekara 81. Allah ya jiƙansu.

Ɗan Tudun Wada:
Amin. Na gode Baba, na gode Hajiya. Na miƙa masa wayar ya karanta, yanzu kuma ya koma cewa gashin bakin ne na manne.