Murhun itacen ɗumama ɗaki yana mayar da hayaƙi cikin falo, ina matsalar take?

Ɗan Gusau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidan da muka kama haya a wani ƙauye na arewacin Ingila yana da murhun itace na ƙarfe a falo, irin mai ƙofar gilashi da bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Duk lokacin da aka zo hura wuta sai hayaƙi ya turnuƙe ɗakin maimakon ya bi bututu, idan kuma ta samu ta kama ba ta ruruwa sosai, kafin a jima gilashin ya yi baƙi ƙirin. Itacen a wajen wani manomi na saya, ya ce bana aka sare shi. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan murhu.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar rabin tambayarka tana cikin maganar manomin nan. Itacen da aka sare bana ɗanye ne, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi itace mai tauri yakan kai shekara biyu a faskare, a ƙarƙashin rumfa mai shan iska, kafin ya ƙonu yadda ya kamata. Abin da ake so shi ne danshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Tun watan Mayun 2021 doka a Ingila ta hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ma'aunai, shi ya sa za ka ga tambarin Ready to Burn, wato itacen ya bushe ya isa ƙonawa, a jikin buhunan da ke shaguna. Ka sayi 'yar na'urar auna danshi, ba ta da tsada, amma ka faskara gungumen ka soka ta a tsakiyarsa, domin bayan itace yakan bushe alhali cikinsa na jiƙe. Ɗanyen itace wutarsa tana ƙarewa ne wajen ƙafar da ruwa, hayaƙinsa kuma ya bar kwalta a gilashi da cikin bututu.

Hajiya Mai Lalle:
Baban Khalifa ya yi gaskiya game da baƙin gilashi, sai dai ban yarda cewa itacen ne kaɗai ke mayar da hayaƙi ba. Bututu ba ya jan hayaƙi sai iskar da ke cikinsa ta fi ta waje zafi, saboda haka idan murhu ya kwana a kashe cikin sanyi, iska mai sanyi ce ke cike da shi tana danno komai ƙasa. Kafin ka hura wutar, ka kunna takardar jarida a can saman cikin murhun don bututun ya ɗumama. Sannan ka juya tsarin da muka saba da shi a gida: manyan faskare biyu a ƙasa, ƙiraruwa a gicciye a kansu, abin kunnawa a can bisa, wutar ta ci daga sama ta gangaro. Ka buɗe kafofin iska duka, ka bar ƙofar ba a datse ba na 'yan mintoci kana tsaye a wurin, sai wutar ta kama sosai ka rufe ta, ka rage kafar ƙasa, ka bar ta sama a buɗe domin ita ke kora iska a fuskar gilashi. Wani abin da mutane ke mantawa shi ne fankar da ke zuƙe tururi a kicin ko banɗaki. Idan tana aiki kuma tagogi na rufe ruf, ta bututun murhu take jawo iska, da hayaƙin gaba ɗaya. Ka kashe ta, ka ɗan sassauta taga, ka gani.

Injiniya Abu Safiyya:
Ɗan'uwa, kafin ka sake kunna shi ka tambayi mai gidan yaushe rabon da a share bututun, kuma ka nemi ya nuna maka takardar shaidar masu shara. Ana share shi aƙalla sau ɗaya a shekara, domin kunkunniya da kwalta idan suka taru suna toshe hanya, suna kuma iya kamawa da wuta a cikin bututun. Tsuntsaye ma kan yi sheƙa a bakinsa da bazara. Toshewa tana jawo iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, kuma tana kisa. Tun 2015 wajibi ne mai gidan haya a Ingila ya sanya na'urar gargaɗin wannan iska a duk ɗakin da ke da irin wannan murhu. Kada ka jefa katako mai fenti ko guntayen kayan ɗaki a ciki. Toka kuwa ka bar kaɗan a ƙasa don itace ya fi ci a kanta, sauran ka kwashe a bokitin ƙarfe ka fitar waje, domin garwashi yakan kwana da rai a cikinta.

Ɗan Gusau:
Allah ya saka da alheri. Na duba, babu na'urar gargaɗi a falon, kuma mai gidan ya amsa cewa zai turo mai shara ya kawo na'urar. Mun dakatar da kunna murhun sai an gama wannan aikin, itacen manomin kuma na jera shi a rumfar bayan gida.